Yadda Taswira Ta Koyi Barkwanci

Duk wanda ya taɓa ƙura wa taswirar Turai ido ya san Italiya ta yi kama da dogon takalmi. Daga irin wannan kallo ne taswirorin barkwanci suka samo asali, sai dai da farko ba don dariya aka yi su ba. Kirari ne aka yi wa masu mulki da alƙalami.

A 1537 wani mai suna Johannes Putsch ya zana nahiyar Turai a siffar sarauniya. Sifaniya ce kanta da kambin sarauta, Bohemiya ce zuciyarta, Italiya kuma hannunta na dama, riƙe da tsibirin Sisili. Wannan rabo ba a banza aka yi shi ba, domin gidan sarautar Habsburg ne ke riƙe da Sifaniya da Bohemiya a lokacin. A 1583 kuma Michael Aitzinger ya mai da yankin da yanzu ya ƙunshi Holand da Beljiyam zaki, ana tsakiyar yaƙinsu da Sifaniya.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya na wata yarinya ce 'yar shekara 15 a Landan, Lilian Lancaster. Ɗan'uwanta yana kwance ba lafiya, sai ta riƙa zana masa ƙasashe a siffar mutane don ta ɗebe masa kewa. Ka dubi Sikotland a hannunta: wani mai busa ne rungume da algaitar salka irin ta mutanen ƙasar, iska na kaɗa masa tufafi, kuma kowace lanƙwasa ta gaɓar teku ta faɗa daidai a jikinsa. Italiya ta koma jarumi Garibaldi. Ayaland kuwa mace ce 'yar ƙauye da jaririnta. Zane 12 aka haɗa a littafin Geographical Fun wajen ƙarshen shekarun 1860, kowanne da 'yan baitoci a ƙasa, da fatan yara za su riƙe siffar ƙasashe ba tare da wahalar hadda ba. Ni dai ina ganin fatan ya dace, don wanda ya ga mai busar nan sau ɗaya da wuya ya manta Sikotland.

Ba a cika shekara goma ba wasan ya yi haƙora. A 1877 Rasha ta shiga yaƙi da Daular Usmaniyya, sai wani mai suna Fred Rose ya fitar da taswirarsa a Landan. Ya zana Rasha a matsayin dabbar tekun nan mai hannaye takwas, ta miƙa su ta shaƙe Foland, ta cafki Turkiyya, ta nannaɗe Farisa. Mutum bai buƙatar karatu kafin ya gane saƙon, kuma tsoron da Ingila ke yi wa faɗaɗar Rasha ne aka zuba a takarda. Aka buga ta a harsuna da dama.

Dabbar ta yi nisan kwana. A 1904, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan, wani ɗalibi ɗan Japan, Kisaburo Ohara, ya ɗauko ta ya faɗaɗa taswirar har gabashin Asiya, ya miƙa hannu ɗaya zuwa Manchuriya, inda sojojin ƙasashen biyu ke gwabzawa.