Usur ɗin Jirgin Gusau da Lissafin Rage Shi

Yaron da ya taso a Rawayya ko Bunguɗu a 'yan shekarun nan, in ya shigo Gusau ya zo tsallaka layin dogo, da wuya ya waiga. Kakanninmu kuwa sai sun kasa kunne tukuna. Layin ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau a 1927, ya dire a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa Turawa suka biyo, ba mu ba, amma sun bar mana wata ƙara da ta fi tambarin sarki kaiwa nesa, wato usur ɗin jirgin kwal. Sai da jiragen dizal suka fara shigowa, wajejen 1955, aka san ham mai aiki da iska. Don haka marubucin da ya kafa labarinsa a 1935, ya ce jirgi ya danna ham, ya sake lale.

Me ya sa dole jirgi ya yi wannan kururuwa? Ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa nan take. Wanda ke gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ana son mai jaki ko ɗan acaɓa ya samu daƙiƙa 20 ya janye, sai ƙarar ta same shi tun jirgin yana nesa da mita 330 da 'yan kai.

Amurkawa ne suka fi kai ruwa rana a kan wannan, don haka bari mu ari alƙalumansu. Dokar da suka kafa a 2005 ta ce direba ya busa daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya iso mahaɗa: dogo biyu, gajere ɗaya, dogo ɗaya. Ƙarfin ƙarar kada ya gaza desibel 96, kada ya wuce 110, in an auna daga kimanin mita 30. A fili, duk sanda nisa ya ninka, desibel 6 ke raguwa. Ke nan 110 ta koma 104 a mita 60, 98 a mita 120, 92 a mita 240. Kunne kuwa sai an cire masa kusan 10 yake jin ƙara ta ragu da rabi. To ga inda gizo ke saƙar: in ka rage wa ham desibel 6 don mai jego ta samu barci, ka kuma raba nisan da ɗan acaɓa zai ji shi gida biyu. Ƙarar ɗaya ce, kunnuwan ne daban.

Jihar Fulorida ta gwada. A 1984 ta bar garuruwa su hana busa da dare a wani layinta, a mahaɗun da ke da geti da fitila. Haɗurran dare suka kusan ninka uku, har gwamnatin tarayya ta soke hanin a 1991. Yanzu garin da ke son shiru sai ya biya diyyarsa da gini: geti mai hannu huɗu da ke toshe titi baki ɗaya, ko shinge a tsakiyar hanya don kada mai gaggawa ya zagaye.

Mu namu shirun ba wanda ya zauna ya lissafa shi. Reluwe ce ta durƙushe tun shekarun 1980, manyan motoci suka kwashe kayan, jirgi ya zama baƙo. A wannan tsakanin Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, gidaje da rumfuna suka matso jikin layin, aka buɗe 'yan hanyoyin tsallakawa da ba su da geti balle mai gadi. Ranar da jirgi ya dawo da zirga-zirga sosai, mai ɗaki a mita 30 zai ji busar da cikakken ƙarfinta cikin dare, yaron da ke kora tumaki ta kan layin kuma bai taɓa koyon ma'anarta ba.