Sonic Pi

Sonic Pi manhaja ce ta kyauta da ake haɗa kiɗa da ita ta hanyar rubuta umarni ga kwamfuta. Sam Aaron ne ya ƙirƙire ta a Jami'ar Kambirij da ke Ingila, tare da haɗin gwiwar gidauniyar Raspberry Pi, kuma ta fara fitowa a shekarar 2012. Manufarta ta farko ita ce koya wa yaran makaranta rubuta umarnin kwamfuta ta hanyar da za su ji sakamakon aikinsu da kunnensu nan take.

Asali

Haɗa sauti da kwamfuta ya samo asali tun 1957, lokacin da Max Mathews ya rubuta MUSIC a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka. Daga baya aka samu Csound, da kuma SuperCollider wanda James McCartney ya fitar a 1996. An gina harshen Sonic Pi a kan Ruby, kuma injin SuperCollider ne ke fitar mata da sauti.

Yadda take aiki

Umarninta gajeru ne. Idan aka rubuta play 60, sai ta kaɗa amon da ake kira C na tsakiya a jikin fiyano. Idan lambar ta ƙaru, amon ya ƙara tashi sama. Umarnin sleep shi ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin amo da amo. In babu shi, duk amon tare za su fito, domin kwamfuta ba ta jinkiri sai an umarce ta. Da sample ake kunna sautin da aka riga aka naɗa, kamar bugun ganga ko kukan tsuntsu, a sassauta saurinsa ko a sa masa amsa-kuwwa. Ta haka ake jera sautuka har mai sauraro ya ji kamar yana cikin daji ko kasuwa.

Kiɗa a gaban jama'a

Umarnin live_loop yana maimaita kiɗa ba tsayawa, kuma yana barin a gyara rubutun kiɗan na tafiya, sai canjin ya shigo a zagaye na gaba. Wannan ya sa makaɗa ke amfani da ita a dandali, inda ake haska rubutun a bango masu rawa na gani. Ana kiran irin wannan taron algorave.

Sonic Pi tana aiki a kan Windows, macOS, Linux da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi.