Akwati Mai Kwaɗo Uku: Yadda Mata Masu Dubara Ta Kafu a Maraɗi

A shekarar 1991, matar ƙauye a jihar Maraɗi da ke son jarin tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ba ta da ƙofofi da yawa. Banki ba nata ba ne. Masu hannu da shuni ma a lokacin kuka suke yi, domin bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, bai daɗe da durƙushewa ba. Sai dai ta sayar da akuyarta, ko ta ci bashin ɗan kasuwa ya zo da kaka ya kwashe hatsi a wulaƙance, ko ta shiga adashi. Adashi kuwa, duk da amfaninsa, yana da iyaka: ba ki kwasa sai layi ya zo kanki, ko da yau ne ɗanki ya kwanta, kuma abin da kika zuba shi kike ɗauka, ba ƙari.

A wannan shekarar ce ƙungiyar CARE, da tallafin reshenta na ƙasar Norwe, ta buɗe wani ɗan ƙaramin shiri na mata a Maraɗi, a hannun wata 'yar Norwe mai suna Moira Eknes. Koyar da sana'o'in hannu na cikin abin da aka yi niyya da farko, amma zama da matan ya nuna cewa sana'a suna da ita tun a ɗakin iyayensu, jari ne babu. Daga nan aka ɗauki adashin da kowa ya sani aka yi masa gyara, aka raɗa wa tafiyar suna Mata Masu Dubara.

Gyaran shi ne a daina kwasa. Mata kamar talatin, 'yan unguwa ɗaya da suka san halin juna, su zaɓi shugaba da ma'aji, su tsai da ranar zama a kowane mako da kuma abin da kowa za ta zuba: wasu ƙungiyoyin dala biyar, wasu dala ashirin, gwargwadon ƙarfinsu. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan na hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ranar zama a shimfiɗa tabarmi, a ajiye akwatin a tsakiya, a buɗe shi kan idon kowa, a zube kuɗin a faranti a ƙirga da ƙarfi. Da yake yawancin matan ba su yi boko ba, ƙungiyoyin farko da ka suke riƙe lissafi: kowace mace ta san abin da ke cikin asusu a zaman da ya wuce, ta san wa ke da bashi da ranar biyansa. Idan kuɗi suka taru, mai buƙata ta karɓi rance na ɗan gajeren lokaci, ta mayar da ƙari, galibi kashi 10 cikin 100. Wadda ta makara ko ta ƙi zuwa ba dalili akwai tara a kanta. A ƙarshen zagaye, wanda akan daidaita da shigowar damina ko gabatowar sallah, a fasa asusu a raba uwa da riba.

A ganina, hikimar da ta fi kowace a wannan tsari ita ce abin da CARE ta ƙi yi: ba ta saka ko dala ɗaya a akwatin ba. Horo kawai ta bayar na wasu watanni, sannan ta janye. Mutanen karkara sun sha ganin bashin da ke zuwa daga hannun hukuma ko baƙi, kuma sun san yadda ake ɗaukarsa kamar rabon gado. Kuɗin maƙwabciyarki da ta tara daga sayar da fura kuwa, da wane ido za ki kalle ta a bakin rijiya idan kika cinye?

Labari ya bazu fiye da yadda ma'aikatan shirin za su iya bi. Ƙauyukan da ba a je ba suka riƙa aiko da saƙo, har aka koma horar da wasu daga cikin matan su zama masu koyarwa, ƙungiyoyi na biyansu ladan aikinsu. Daga Maraɗi aka shiga Tawa da Damagaram da Doso da Tilaberi. A farkon shekarun 2000 matan da ke cikin tafiyar sun haura 150,000. Tsarin ya tsallaka Mali da Mozambik da Zimbabuwe da Zanzibar, ya samu sunan VSLA, manyan ƙungiyoyi irin su Oxfam da Plan da CRS suka fito da nasu samfurin. Yau miliyoyin mutane ne ke zama a gaban irin wannan akwati a Afirka da Asiya, har da arewacin Nijeriya.

A gida Nijar kuwa al'amarin ya wuce maganar kuɗi. Macen da ta saba miƙewa gaban mata talatin ta faɗi lissafi, ba ta jin nauyin magana a fadar maigari. Ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa gamayya, suka buɗe bankunan cimaka da ke sayen gero da kaka a sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, abin da ya yi rana a yunwar 2005. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta tilasta wa jam'iyyu saka mata a jerin 'yan takara, kuma da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, a cikin waɗannan ƙungiyoyi aka tarar da mata masu jama'a a bayansu. Da dama sun zama kansiloli.

Akwai kuma inda takalmin ke matsi. Wadda ba ta da abin zubi ko kaɗan tana nan a waje, kuma ita ce ta fi kowa buƙata. Da damina kowa rance take so a lokaci guda, akwatin kuma bai isa ba. Wasu mazan, da suka ga matansu sun soma juya kuɗi, sai suka sakar musu cefane da kuɗin magani. Maganar ƙarin da ake biya ma ta jawo tambaya a wurin malamai. Masu kare tsarin na cewa ƙarin yana komawa ga masu asusun ne, wasu ƙungiyoyin kuma sun ajiye shi gaba ɗaya, sun koma sayen hatsi ko tumaki tare, su sayar su raba riba.