Jips: dutsen da ke ɓoye ruwa a cikinsa

Jips farin dutse ne mai laushi, har farce na iya karce shi. Ana haƙo shi a jihar Tahoua, kuma masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, tana amfani da shi.

Ko da yake a bushe yake a hannu, kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure cikin ƙwayoyinsa. In aka gasa shi a zafin digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya kan tashi, ya bar farin gari. Da an kwaɓa garin, sai ya sake shan ruwa ya sandare. Da shi ake ɗaure karaya a asibiti.

A siminti kuwa, ana zuba jips kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari don kada kwaɓi ya yi saurin kamawa. In injin niƙa ya yi zafi fiye da kima, jips ya rasa ruwansa, sai kwaɓin ya ƙage wa magini tun bai shafa ba.

Haka sukarin gulukos yake: ƙwayoyinsa, irin na zumar da ta daskare, suna riƙe da ruwa, zafi ne ke raba su da shi.