Tallafin masu ɗaukar hoto: su wa ke bayarwa, kuma ina Mubi a ciki?

Hotunan Mubi da duniya ta fi sani kusan duk na tashin hankali ne. Akwai na ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin suka sa masa suna Madinatul Islam, kafin maharba da 'yan banga da sojoji su ƙwato shi cikin Nuwamba. Akwai na harin da aka kai masallaci ranar 21 ga Nuwamban 2017, da na ranar 1 ga Mayun 2018. Da ƙura ta lafa, masu kyamarar da suka zo suka tattara suka koma. Yadda aka sake buɗe shaguna, yadda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa suka koma aji, yadda Fali da Gude da Margi da Fulani da Hausawa suka ci gaba da cin kasuwa ɗaya, wannan aikin shekaru ne, kuma jarida ba ta biyan mutum ya zauna shekaru. Giɓin da tallafin ɗaukar hoto ke cikewa ke nan.

Tallafin nan ba bashi ba ne, ba kuma albashi ba. Kuɗi ne da wata gidauniya ke ba mai ɗaukar hoto don ya bi labari guda ɗaya har ya nuna: na al'ummarsa, ko na kansa da gidansu. Ana kashe shi a kuɗin mota, masauki, abinci, wanke hotuna, wani lokaci da ladan mai tafinta. Wanda ya rubuta cewa sabuwar kyamara kawai yake so, to da wuya a waiwaye shi.

Misali mafi kusa da Mubi shi ne Rahima Gambo. Ta samu horon gidauniyar Magnum Foundation da ke New York a 2014, sannan ta shiga aikin da ta kira Education is Forbidden, kan ɗaliban arewa maso gabas a zamanin da zuwa makaranta ya zama kasada. Daga cikinsa ne jerin hotunanta mai suna Tatsuniya ya fito, inda 'yan mata 'yan makaranta a Maiduguri ke wasanninsu, ba suna kuka ba. Ita kuwa Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ba ta jira kowa ba. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram tana sa hotunan 'yan kasuwa da yara da masu biki, sai manyan jaridun duniya suka biyo ta. Abin lura a nan: aikin ne ke fara fitowa, kuɗin daga baya yake zuwa.

Masu bayarwa suna da yawa, amma ba duka ne suka dace da mai farawa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne na gidauniyar Prince Claus da ke ƙasar Holan, wadda tun 2021 take zaɓar matasa 100 a shekara, masu fasaha iri-iri da ke farkon sana'arsu, ta ba kowane yuro 5,000 ya yi yadda ya ga dama da shi. Mata suna da Women Photograph, ƙungiyar da Daniella Zalcman ta kafa a 2017, mai ba da tallafin dala 5,000. Tallafin W. Eugene Smith, wanda ake bayarwa a Amurka tun 1980, na manya ne, waɗanda suka daɗe a fagen. Akwai kuma waɗanda suna suke kawo wa mutum fiye da kuɗi, kamar CAP Prize mai zaɓar mutum biyar a shekara a baje hotunansu a ƙasashe, da gasar World Press Photo wadda shigarta kyauta ne, kuma tun 2022 ta koma tsarin yanki-yanki. Ga mazauna Legas, bikin LagosPhoto da Azu Nwagbogu ya fara a 2010 yana bakin ƙofarku, can ne ake haɗuwa da waɗanda suka taɓa cin irin waɗannan.

Abin da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: hotuna goma zuwa ashirin da suke ba da labari ɗaya, bayani a ƙarƙashin kowane, taƙaitaccen tarihin mai nema, takardar da ke bayyana aikin, wani lokaci da lissafin kuɗi. Yawanci da Turanci. Nan ne namu ke faɗuwa, ba don hotunan ba su yi kyau ba. Mutum zai rubuta "zan nuna al'adun arewa", alhali masu tantancewa sun karanta irin wannan har sun gaji. Su ƙaramin abu suke so wanda mutum ya san cikinsa da bayansa.

Kuma ga shi nan a gabanmu. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manya a ƙasar nan, shanu na shigo mata daga Kamaru da Chadi, tireloli na lodi zuwa kudu. Yaron da ke kwana a saman tirela tun daga Mubi har mayankar Oko-Oba a Agege, kwana da kwanaki, yana tsallake shingaye, yana tayar da saniyar da ta kwanta kada a tattake ta, labari ne cikakke. Baƙo daga Turai ba zai samu wannan kujerar ba. Ɗan Mubi da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, mai kawu dillali, waya ɗaya zai buga. Haka labarin iyalan da suka gudo kudu a 2014 ba su koma ba, ko na mai gadi da ke ganin 'ya'yansa sau ɗaya a shekara, da sallah.

Sai dai a yi hattara da mutuncin mutane. Hoton da ya ci tallafi zai zaga duniya, kuma zai dawo wayoyin 'yan unguwa. A gaya wa mutum inda hotonsa zai je kafin a ɗauka, matar aure da yaro ƙarami kuwa a bi ta hannun masu gida. Wanda ya taɓa zama a hannun Boko Haram, fuskarsa a fili na iya jawo masa tsangwama. A aikin labarai ba a yarda a ƙara wani abu ko a goge shi a hoto ba, World Press Photo takan nemi ainihin fayil ɗin don ta duba.

Batun 'yan damfara kuma: wasu gidauniyoyin kan karɓi ɗan kuɗin shiga, amma a shafinsu na ainihi ake biya, kafin tantancewa. Duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp cewa ka ci tallafin da ba ka nema ba, wai ka tura kuɗi a sako maka, ɓarawo ne. Ranakun buɗewa da adadin kuɗin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a riƙa leƙa shafin kowace gidauniya, kuma a tanadi fasfo da asusun banki mai karɓar kuɗin waje tun kafin a tura takarda.