Laya, Tramol da Hannun Ɗan Dambe

Tun ranar 1 ga Janairun 2024, da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta sanya tramol cikin magungunan da aka haramta wa ɗan wasa a lokacin gasa, muhawara ta taso a majalisunmu na Madobi da Kura, inda wasu ke cewa Turawa sun shiga sharo ba shanu, tun da yake ɗan damben Hausa bai taɓa shiga fage da ƙarfinsa kaɗai ba.

Dambe wasan mahauta ne tun fil azal, ana yin sa da kaka bayan an kai amfani rumbu. Ɗan dambe Shago, wanda mawaƙi Ɗan Anace ya wasa, da sauran mazajen zamaninsa, sun tashi ne cikin al'adar da ɗan dambe ke ɗaura laya da kambu, ya sha rubutu, a tsaga masa hannu a shafa magani, alhali abokin karawarsa yana kallo, shi ma da nasa shirin. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin wasu daga cikin abubuwan nan, amma ba wanda ya kira su ha'inci. Ha'inci shi ne a ɓoye garin kwalba cikin kara, wato igiyar da ake naɗe hannu da ita, don a illata mutum.

Ita kuwa ƙa'idar Turawa, cewa jiki ya kara da jiki ba tare da taimakon magani ba, ta yi ƙarfi ne bayan abin kunyar shan ƙwayoyi na ɗan tsere Ben Johnson a Seoul a 1988 da na tseren keken Faransa a 1998, har aka kafa WADA a 1999.

A ganina, masu daidaita tramol da laya sun yi kuskure, domin ba ta ƙofar dambe ya shigo mana ba, ta ƙofar ƙwadago ya shigo. Bayan da aka gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, ruwa ya ratso Kadawa da Bunkure, noman rani ya haɗe da na damina, hutun kakar da ya haifi wasan ya ƙuntata, saurayi ya nemi abin da zai kashe masa gajiya a gonar shinkafa, daga nan ya tafi da shi fage. Shari'a kuwa ta riga WADA hukunta duk abin da ke gusar da hankali da ƙarnuka masu yawa. Shi ya sa har yau ake ɗaura laya a damtse a bainar jama'a, ƙwaya kuwa sai an juya wa ubangida baya ake haɗiye ta.