Paul Scholes da Sana'ar Ɗan Tsakiya a Ingila

Mutanen Ingila sun daɗe suna auna ɗan wasan tsakiya da ƙarfin huhunsa. A tsarin 4-4-2 da suka rungume shekara da shekaru, gwanin da ake yabo shi ne mai zirga-zirga daga wannan raga zuwa waccan, a kayar da shi ya tashi ya ci gaba, irin Bryan Robson, kyaftin ɗin Manchester United a shekarun 1980. Ana cikin haka sai ga wani ɗan Salford, gajere, mai jan gashi, ga shi da ciwon asma. Ranar da ya fara buga wa manyan United, a Satumban 1994, ya zura wa Port Vale ƙwallo biyu.

Ni abin da ya riƙe ni a wasan Scholes shi ne wuyansa. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya riga ya san inda za ta. Taɓawa ɗaya, sai ka ga ta tsallake rabin fili ta sauka a gaban ɗan gefe kamar an ajiye da hannu. Ƙwace ƙwallo kam bai iya ba, keta ce tsagwaronta. Katin gargaɗi ne ma ya hana shi buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 1999, shi da Roy Keane. Ya huce haushi a 2008, da ya narka wa Barcelona ƙwallo daga nesa a Old Trafford, United ta wuce ta ɗauki kofin a Mosko.

Ƙasarsa ce ta rasa yadda za ta yi da shi. A gasar Turai ta 2004, koci Sven-Göran Eriksson ya tura shi gefen hagu don Gerrard da Lampard su samu wuri a tsakiya. Ana gama gasar ya ce ya bar buga wa Ingila, yana da shekara 29, bayan wasa 66. A ganina asarar Ingila ce, domin a daidai lokacin Sifaniya ke gina tawagarta a kan Xavi, wanda shi kansa ya sha yabon Scholes.

Ya yi ritaya a 2011, amma da raunuka suka addabi 'yan tsakiyar United sai ya dawo a Janairun 2012, da takalmin da ya saya a kantin unguwa. Ya ƙara cin Firimiya a 2013, karo na 11.